Ruwa Ne Ko Rahama? Raddi Ga Mai Cewa Wa'azi Ya Ɓata Waƙar Damina

A zaman ƙungiyarmu na ƙarshen zangon da ya wuce aka karanta mana Waƙar Damina ta Malam Na'ibi Sulaiman Wali, wadda take cikin littafin nan Waƙoƙin Hausa da aka buga a Zariya a 1957. Da aka sauke karatu, aka ba da dama kowa ya tofa albarkacin bakinsa, sai wani ɗan'uwa daga Sashen Turanci ya miƙe ya faɗi wata magana wadda har yau take ci mini tuwo a ƙwarya. Ya ce waƙar ta yi armashi, amma da marubucinta ya bar wa'azi ga masu wa'azi ya dubi damina da idonsa kawai, da ta fi haka. Ya ƙara da cewa mu Hausawa ba mu da irin waƙar da Turawa suke yi wa "nature", domin wai mawaƙinmu bai iya duban itace ya ga itace ba, sai ya hango Aljanna ko Wuta a bayansa. Aka yi masa tafi, har da wasu 'yan ajinmu waɗanda na san sun fi ni sanin waƙar. Na ɗaga hannu, shugaban zama ya ce lokaci ya ƙure, ga shi an kira magariba. To, abin da ban sami faɗa ba ran nan shi ne zan faɗa a nan, tun da Edita ya ba ni fili. Ba zan ambaci sunan ɗan'uwan ba. Ya san kansa, waɗanda suka halarci zaman ma sun san shi, kuma ba gaba muke yi ba.

Bari in fara da kalmar da ya jefo mana cikin Turanci domin ya rasa Hausarta. Rasawar nan tasa ita ce kan magana. Kalmar "nature" daga harshen Latin ta fito, tushenta kuwa haihuwa ne, watau abin da ya fito ya kasance yadda yake. Ba ta tilasta wa mai faɗinta ya tuna da wanda ya yi abin. Mu kuwa idan muka tara itatuwa da duwatsu da tsuntsaye da ƙoramu muka nemi suna guda da zai game su, halitta muke cewa. Halitta kuwa ba ta tsayuwa ita kaɗai. Da ka furta ta ka riga ka furta Mahalicci, ko ka yi nufi ko ba ka yi ba, kamar yadda ba a cewa saƙa sai da masaƙi, ba a cewa ƙira sai da maƙeri. Na ga wasu suna neman kauce wa wannan su ce ɗabi'a, domin haka Larabawa suke cewa, amma ɗabi'a a bakin Bahaushe hali ce, irin ta yaro mai gaida manya ko marar gaidawa. Wasu su ce muhalli, wanda ya fi dacewa da takardar ma'aikatar gwamnati. Wasu su ce yanayi, shi kuwa zafi ne da sanyi. In ka gudu zuwa ga kalmar duniya ma ba ka sha ba, domin asalinta a Larabci mafi kusa take nufi, kuma ba a kiran abu mafi kusa sai da wani can gaba, watau lahira. Ashe ke nan tun kafin mawaƙin Hausa ya ɗora alƙalami bisa takarda harshensa ya riga ya ɗauki matsayi. Wanda ya ce masa ya fid da addini daga waƙar halitta yana tsammanin baiti biyu na farko da biyu na ƙarshe ya ce a yanke, alhali kuwa harshen ɗungum ya ce a sake.

Kuskuren ɗan'uwan nawa ke nan, kuma kuskure ne wanda mu 'yan Sashen Hausa muke da hannu a cikinsa. Mun saba neman addini a wurare biyu cikin rubutacciyar waƙa, yabon farawa da yabon rufewa. In mawaƙi ya buɗe da sunan Allah da salati ga Annabi, mu rubuta cewa ya bi tafarkin magabata, in ya rufe da hamdala mu sake rubutawa, shi ke nan mun sallami addini sai mu shiga jigo. Wanda ya tashi a kan wannan dole ya ɗauka addini murfin tukunya ne, a ɗage shi miya tana nan yadda take. Ni kuwa cewa nake a waƙar damina gishirin miyar ne, ya narke cikin kalmomin da ake kiran ruwa da ƙasa da iska da su.

Mu ɗauki ruwan saman kansa. Bahaushe yana iya cewa an yi ruwa, ko ruwa ya zuba, ko an kece da ruwa, ko ruwa ya sauka, ko an sami rahama. Abu guda ne ya faru a duka biyar ɗin, ƙasa ta jiƙe. Amma mawaƙin da ya ce ya zuba ya mai da sama tulu, babu nufin kowa a ciki. Wanda ya ce an kece ƙarfi da ƙara yake son ka ji. Wanda ya ce ya sauka kuwa ya ɗauko aikatau ɗin da muke yi wa baƙo mai daraja, da mala'ika, da wahayi, har karatun da yaro ya kammala a makarantar allo sauka muke kiransa. Sai kuma wanda ya ce rahama. Shi wannan bai tsaya ga siffanta ruwan ba, mu ma ya siffanta mu, ya ce mu mabukata ne waɗanda aka ji ƙansu ba don sun biya ba. Daɗin daɗawa, kalmar tana komawa baya ta sake ma'anar baitocin da suka gabace ta. Zafin bazarar da mawaƙi ya gama bayyanawa, da rijiyar da ta ƙafe, da saniyar da haƙarƙarinta ya fito, duk sai su tashi daga labarin yanayi su zama zaman jira a ƙofar Mai bayarwa. Kalma guda ce ta yi wannan aiki, ba tare da ko ɗango guda na wa'azi ba.

Kada kuma wani ya ce ni ne nake cusa wa kalmar abin da babu. Tun yaro yana makarantar allo ya ji Alƙur'ani, a Suratul A'arafi da Suratul Furƙani, yana bayyana iska a matsayin mai bushara da take gabatar rahamar Allah, ana nufin ruwan sama. Malaman tafsiri sun daɗe da lura cewa Larabci yana da kalmomi biyu na ruwan sama, kuma Alƙur'ani ya fi kawo ɗaya, watau gaisu, a wurin jinƙai, ɗayar kuwa, maɗar, yawanci a wurin azaba take zuwa. Bugu da ƙari akwai hadisin nan na Zaidu ɗan Khalid wanda yake cikin Muwaɗɗa Malik da Buhari da Muslim. A Hudaibiyya ne, shekara ta 6 bayan Hijira, aka kwana ana ruwa, da aka idar da sallar asuba Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da sahabbai cewa mutane sun wayi gari kashi biyu: wanda ya danganta ruwan ga falalar Allah da rahamarsa ya yi imani, wanda kuwa ya danganta shi ga tauraro kaza ya kafirta. A duba da kyau. Ruwa guda ne ya jiƙa su duka. Abin da ya raba su shi ne kalmar da kowa ya zaɓa da safe. Al'ummar da aka rena da wannan hadisi ɗaruruwan shekaru, yaya za a ce mawaƙinta yana zaɓen sunan ruwa da ka?

Abin sha'awa shi ne malamanmu ba su yar da taurarin ba. Akwai waƙoƙin taurari a cikin rubutattun waƙoƙinmu na dā, Mervyn Hiskett ya yi magana a kansu cikin littafinsa na tarihin waƙoƙin Musulunci na Hausa wanda ya fito a 1975. Taurari 28 ne, bakwai ga kowane lokaci na shekara, kowanne yana da kwana 13 in ban da Jabha mai 14, jimla 365. Manomi yakan tambayi malamin ƙauye wane tauraro ake ciki kafin ya yi shuka. Amma tauraron alama ce ta lokaci, kamar agogo, ba shi ne mai ba da ruwa ba, kuma a kan wannan siraɗi mai waƙar taurari yake tafiya, aikatau guda in ya kuskure ya faɗa. Idan ruwan ya ƙi zuwa kuwa ba tauraro ake roƙo ba. Fili ake fita a yi sallar roƙon ruwa, a juya riguna. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, tana da waƙa sukutum a kan roƙon ruwa. Ko ita ma za a ce ta bar wa'azi ta dubi fari da idonta?

Haka abin yake in aka sauko ƙasa. Ni'ima a Hausa baiwar Allah ce, kuma ita ce laima da sanyin wuri mai itatuwa, har mukan ce garin nan yana da ni'ima muna nufin yana da ruwa da inuwa. Damina uwar albarka muke mata kirari, abin da aka girbe kuma albarkar gona ne. Dausayi yana bakin fadama, yana kuma cikin Aljanna, ita Aljannar ma asalin sunanta lambu ne. Magarya tana nan bayan gari yara suna jifar 'ya'yanta, amma mawaƙi bai isa ya ambace ta ba tare da mai sauraro ya tuna da ganyenta da ake sawa a ruwan wankan gawa, da magaryar tuƙewa ta daren Mi'iraji ba.

Wanda ya fi burge ni duk cikinsu shi ne binne. Mu da muka fito ƙauye mun san shi. Idan damina ta ƙarato, hadari yana ta haɗuwa yana watsewa, sai manomi ya ɗauki irin gerons da ya ɓoye tun kaka, wanda yunwar bazara ba ta sa ya taɓa ba, ya je ya zuba shi cikin busasshiyar ƙasa ya rufe, ya koma gida ya jira. Sunan wannan shuka binne. Kalmar da muke yi wa mamaci ita muke yi wa irin. In ruwa ya sauka isasshe, bayan 'yan kwanaki sai iri ya tsira. A rubutun boko kuwa tsira ta tsiro da tsira ta kuɓuta haruffansu ɗaya, a baki ne kawai tsawon wasali da karin sauti suke raba su. To, Alƙur'ani a wurare da dama, kamar Suratul Hajji da Suratur Rum da Suratu Ƙaf, ya kafa hujjar tashin matattu da yadda ruwa yake rayar da matacciyar ƙasa. Saboda haka mawaƙin da ya ce an binne, ruwa ya sauka, an tsira, ya ba da labarin gona daidai yadda manomi zai ba da shi, babu ƙari ko ragi, kuma a numfashi guda ya ba da labarin kabari da tashin ƙiyama. Ina wa'azin da za a yanke a nan? A nuna mini ɗangon da za a sa wa almakashi.

Kuma fa ba Musulunci kaɗai ne yake kwance cikin kalmomin nan ba, wannan ma wani abu ne da ba mu cika son faɗa ba. Iska ita ce mai kaɗa ganye, ita ce kuma wadda take hawa kan ɗan bori. Mawaƙin da ya ce iska ta taso daga gindin tsamiya da tsakar rana ya san abin da ya taɓo a zuciyar mai sauraro, domin kowa an hana shi zama nan yana yaro. Guguwa ma haka. Abin da yake tafe da ruwa muna ce masa hadari, ko girgije, ko gajimare. Yau gajimare da girgije kusan ɗaya ne a bakin mutane, amma Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano ya fitar da littafinsa a 1946, ya nuna cewa a wurinsu Gajimare iska ne mai siffar maciji, shi ne yake bayyana a sama ya zama abin da muke kira bakan gizo. Wani sunan bakan gizon ma masha-ruwa, domin an ɗauka in ya fito ya shanye ruwan ke nan. Tsawa tana da suna na biyu, aradu, wanda aka aro daga Larabci, har akwai sura guda mai wannan suna, amma duk da haka da aradun ne mai rantsuwar gargajiya yake rantsewa. Kusufin wata kuwa malam ya ce husufi ya tashi ya yi salla, yara su ce rana ta kama wata su fito da gwangwani suna kiɗa. Mawaƙin da ya san aikinsa yana sane da waɗannan duka sa'ad da yake zaɓe, kuma zaɓen nasa yana gaya mana wace duniya yake so mu tsaya a ciki mu kalli sama. Mu masu nazari in ba mu sani ba, hasararmu ce.

Yanzu bari in bi ɗan'uwan nawa har gida, watau waƙar Turanci da ya ɗauko ya zama ma'auni. Ni ma na ɗan zauna ajinsu a shekarar farko, ba da jin ƙai nake magana ba. Wordsworth da yake ji da shi, a waƙar da ya yi kusa da kangon majami'ar Tintern a 1798, ya yi maganar wani ruhi da yake ratsa dukkan abubuwa, har masu nazari suka daɗe suna gardama ko mutumin ya mai da halitta abin bauta ne. Abokinsa Coleridge, cikin littafin da suka fitar tare a shekarar nan, ya ba da labarin matuƙin jirgin ruwa da ya harbe wani babban tsuntsun teku ba gaira ba dalili, aka rataya masa gawar tsuntsun a wuya a madadin gicciye. Wanda bai san mene ne gicciye a wurin Kirista ba, me zai fahimta a nan? Sai ya ɗauka horon mafarauci ne kawai.

Ga kuma Gerard Manley Hopkins, limamin Katolika ne, an haife shi a 1844 ya mutu a 1889, ba a tattara waƙoƙinsa an buga ba sai 1918. A 1877, yana karatun addini a ƙasar Wales, ya yi wa wani tsuntsu dangin shaho waƙa. Tsuntsun yana da sunan da kowa ya sani, amma sai ya zaɓi wani sunan na mutanen karkara wanda yake nuna yadda yake tsayawa cak bisa iska yana karkaɗa fiffike. Ya sadaukar da waƙar ga Almasihu. Ya kira tsuntsun da kalmomin sarauta da na barade waɗanda Turanci ya aro daga Faransanci, irin su yarima mai jiran gado da jarumin doki, sa'an nan ya rufe da garwashin da ya faɗi ya fashe ya nuna ja da ruwan zinariya a cikinsa, abin da masu nazari da yawa suke karantawa a matsayin raunin Almasihu. Ni ba aƙidata ba ce, amma ba zan iya karanta waƙar ba sai na san aƙidar mai ita. A Sashen Turanci in ɗalibi ya gano wannan, yabonsa ake yi a ce ya iya nazari mai zurfi. Hopkins ya ga shaho ya tuna Ubangijinsa an ce fasaha, Malam Na'ibi ya ga hadari ya tuna Ubangijinsa an ce wa'azi. Wannan wane irin mudu ne, na saye daban na sayarwa daban? Farfesa D. W. Arnott na Jami'ar Landan dai bai raina waƙar ba, ya zauna ya fassara ta ya yi nazarinta a 1968.

Kurciya kaɗai ta isa ta nuna cewa tsuntsu ba ya shiga waƙa tsirara. Bahaushe Kirista in ya ji ta zai tuna Ruhu Mai Tsarki a Kogin Urdun, da wadda ta komo wa Nuhu da ganyen zaitun. Musulmi zai tuna wadda masu sira suka ce ta yi sheƙa a bakin kogon Saur ranar Hijira. Tsohuwa a ƙauyenmu kuwa za ta tuna ɗanta da ya bar gari shekara goma babu labari, ta ce kurciya aka yi masa.

To, kada 'yan Sashenmu su yi ta murna, domin ɗan'uwan nan yana da rabin gaskiya, kuma rabin nan a kanmu yake. Akwai waƙoƙin da wa'azi ya kashe, da yawansu ma a wannan mujalla suka fito. Za ka ga ɗalibi ya ce zai yi wa damina waƙa, baiti ashirin, babu sunan tsuntsu ko guda sai tsuntsaye, babu sunan itace sai itatuwa. Bai san gawo yakan kaɗe ganyensa da damina ya fitar da sabo da rani ba, abin da mai ido zai gina waƙa guda a kansa. Bai ji ƙamshin ƙasa ba, bai ga shinge ya fito da daddare yara suna kamawa a gindin fitila ba. Ya tara ƙudura da iradar Jalla da Sarki Gwani ya cika layi. Wannan bai dubi halitta ba balle ta nuna masa Mahalicci. Kalmar aya a Larabci alama take nufi, ta cikin Littafi da ta cikin sararin sama duk suna guda, kuma alama sai an dube ta take nuni. Abin da ya raba Waƙar Damina da irin waɗannan shi ne mai ita ya tsaya ya kalli damina tukuna. Harshenmu ya ba mu kayan kallon, ga amsa-kama nan birjik, kore shar, baƙi ƙirin, gari ya yi tsit kafin iska ta taso. Waɗannan ido ne da kunne. In babu su rahama ba ta da inda za ta sauka.

Laifinmu na biyu a ɗakin jarrabawa yake, ni ma na aikata shi. A shekarata ta biyu aka ba mu nazarin wata waƙa, da na zo kan salo sai na buɗe kanun aron kalmomi na jera su reras: rahama Larabci, ni'ima Larabci, albarka Larabci, na ƙirga goma sha ɗaya na ja layi ina jin na yi abin kirki. Takarda ta dawo, Malam ya rubuta da jan biro a gefe: To, sai me? Na ji haushi a ranar, yanzu kuwa na gode masa. Gadon Feɗe Waƙa da Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa mana gado ne na fiɗa, mu ne muka mai da shi teburin ƙirga. Cewa rahama daga Larabci take aikin ƙamus ne. Aikin mai nazari shi ne ya ce me ya sa rahama a nan ba ruwa ba, me kuma zai rushe in an musanya su. Kakata da ba ta taɓa shiga aji ba tana cewa albarka sau hamsin a yini, a wurinta ba aro ba ce.

Na uku shi ne wanda ya sa na ce maganar nan ba ta cin maki kaɗai ba ce. A daren 9 wayewar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, kamar yadda ta Bagauda ta ɓalle a ƙasar Kano a 1988. Bayan abin ya faru wani abokina, mai kyakkyawar niyya, ya karanta mana waƙar jaje a zaman ƙungiya. Amsa-amonsa "na" ne, sai ya kira ambaliyar Ɗufana. Da ya gama, wata 'yar'uwa 'yar Maiduguri, wadda gidansu yana cikin waɗanda ruwan ya ci, ta miƙe a natse ta ce, "Malam, ashe mu ne mutanen Annabi Nuhu?" Ɗaki ya yi tsit. Ya shiga rantse-rantse cewa yawan ruwan kawai yake nufi, kuma kalmar ta zauna masa a kari. Na yarda da shi. Amma Ɗufana ba awon ruwa ba ce, hukunci ce a kan mutanen da suka ƙaryata Manzo, kuma duk wanda ta ci ta ci shi ne da laifinsa. Kalmar ta zo da kayanta duka, ba ta tambayi niyyarsa ba.

A baitin da ya biyo kuma ya ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, rukuni ce cikin rukunan imani, ba ni da ja. Sai dai inda aka ajiye ta a waƙa yana iya rufe bakin mai tambaya. Madatsa ba girgije ba ce, mutane ne suka gina ta, mutane ne kuma aka ɗora wa kula da ita. Da ya so, ga wata kalma nan ta addini tsantsa, mai ƙarewa da "na" ɗin da yake nema, watau amana. Da ita ya sa, da waƙar ta juya fuskarta daga waɗanda ruwa ya ci zuwa ga waɗanda aka ba riƙo. Ɗufana da amana duk daga rumbu guda aka ɗebo su, amsa-amonsu ɗaya, gaɓoɓinsu uku-uku, amma ɗaya ta tuhumi wanda ya nutse, ɗaya ta tuhumi mai gadi. Wanda ya ɗauki kalmomin addini ado ne a waƙar halitta ba zai taɓa ganin wannan bambanci ba, ko yana cikin masu son a cire su ko yana cikin masu son a ƙara.

Saboda haka ga abin da nake nema wurin ɗan'uwana na Sashen Turanci. Ya rubuto mana baiti biyar kacal a kan ruwan farko, da Hausa, irin waƙar da ya ce ba mu da ita, wadda babu addini ko ɗigo a cikinta. Sharaɗi shi ne kada ya ce rahama, ko ni'ima, ko albarka, ko arziki, ko halitta, ko duniya, kada ruwansa ya sauka, kada manominsa ya yi binne, iskarsa kuma ya tabbatar mana ta ganye ce kawai. Ba mugunta nake masa ba, ni ma na gwada a hutun nan. Na sami laka da kwaɗi da ƙamshin ƙasa, na yi baiti biyu lafiya. A na uku manomina ya fito ƙofar bukka da asuba ya ga gonarsa ta jiƙe sharkaf, ya buɗe baki zai yi magana, na rasa abin da zan sa masa a baki wanda ba zai zama ƙarya ba. Takardar tana nan wurina, zan zo da ita zaman farko na zangon nan, kuma ina roƙon shugaban zama a fara da wuri kada magariba ta sake raba mu.